Abin da Gilashin Shunayya Ya Haɗiye

Shekarata talatin da huɗu ina yanka gilashin tabarau, kuma har yau babu abin da ke ɓata min rai kamar mutum ya shigo shagona ya nuna launi da yatsa ya ce, "Wancan nake so, ya fi kyau." Sai ka ce hula ya zo saya. Tabarau na harbi ba na gayu ba ne. Aikinsa ya tsare maka ido daga ɓarɓashi, ya kuma fito maka da abin da kake hari daga cikin abin da ke bayansa. Duk wanda ya zaɓe shi a ƙarƙashin fitilar shago, to na zaman shago ya zaɓa.

Shi ya sa ba na barin a zaɓa a ciki. Ina da wani akwatin katako mai rami goma sha biyu, kowane rami da gilashinsa biyu, da wani tsohon firam na gwaji da ake zura su a ciki. Ni nake ɗaukar akwatin in bi mutum har filin harbi, a daidai lokacin da zai yi harbin, in tsayar da shi inda zai tsaya, in riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Haka maigidana a sana'a ya koya min, Allah ya jiƙansa, tare da tambaya biyu da ya ce kada in kuskura in tsallake ko ɗaya. Ta farko, me ya ƙara maka? Ta biyu, me ya ɗauke maka? Domin gilashi mai launi ba ya fito da wani abu sai ya danne wani. Rawaya tana buɗe ido idan gari ya yi lumshi, amma tana wanke fari. Ruwan toka yana kashe ƙyallin rana, ya kashe komai tare da shi. Shunayya kuwa kore take dannewa. Bishiya da ciyawa su dushe su ja baya, farantin da ake harbi, wanda ruwan goro ne, ya fito kamar garwashi.

Ga wanda bai san wasan ba, inji ne ke cilla faranti na yumɓu, faɗin tafin hannu, mai harbi ya bi shi da bindiga ya fasa shi. Wani ya tashi sama, wani ya bi ƙasa yana gangarawa a guje. Ashirin da biyar ake sakewa a zagaye ɗaya.

Ramin shunayya a akwatina ya shekara goma sha tara a toshe da auduga. Gilashin yana nan a ƙarƙashinta, ban jefar ba, ban kuma ƙara miƙa wa kowa ba. In an tambaya sai in ce ya ƙare.

'Yata ta ƙarshe, Auta, ita na so ta gaji shagon. Ita kuwa tun tana ƙarama idonta na kan bindiga, kuma kafiyarta tawa ce, don haka ban tsaya ja da ita ba. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, duk filin an san hannunta. A lokacin da nake ba da labari, saura kwana tara a yi gwajin zaɓen waɗanda za su shiga tawagar da za ta je gasa. Mutum biyu za a ɗauka, kuma koci ya faɗa mata gaskiya, wanda bai fasa ashirin da uku ba kada ma ya sa rai. Ita kuma ta maƙale a ashirin, wani lokaci ashirin da ɗaya. Na sama ba sa kuɓuce mata. Na ƙasan nan ne, masu gudu ta gaban bishiyoyi, suke ɓace mata a cikin kore.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe muka je filin. Rumfar kwano ce doguwa, da dandamalin siminti biyar inda maharba ke tsayawa, ɗakin inji a hagu. Injin na zamani ne, murya yake ji, ka ce "Saki!" ya saki, ba ya bukatar kowa. Gaba ciyawa ce shimfiɗe har taki arba'in, sai jerin bishiyoyi, bayansu tudun ƙasa. A jikin ginshiƙin rumfar akwai ƙugiya, kusa da ita wani jan allo da aka rubuta AKWAI MUTUM A FILI. Dokar ita ce duk wanda zai taka ciyawar nan, ko hularsa ce iska ta kai, sai ya fara rataya allon.

"Baba, ko a nan ma sai da rigar nan?" in ji Auta. "Kamar likitan da aka kora daga ɗakin tiyata."

Koriyar rigar aikina take nufi, mai manyan aljihu, irin wadda maigidana ke sawa. Kullum da safe nake zura ta ba tare da na sani ba.

"Riga ce ta ciyar da ke har kika yi bakin magana. Karɓi nan."

Na ba ta rawaya. Ta ce gari ya yi fari fat, idonta na ruwa. Na ba ta ruwan ƙasa, ta fasa uku cikin biyar. Ruwan hoda, uku cikin biyar. Na juya ina goge wanda ta cire da ƙyalle, ina mitar yadda take kama gilashi da yatsu kamar mai ɗaukar ƙuli, sai na ji ta ce, "Au! Baba, dama akwai?"

Na waiga. Audugar na hannunta na hagu, gilashin shunayya har ta zura su a firam.

"Ajiye wannan. Ya tsufa."

"Gilashi yana ruɓewa ne?" Ta ɗora a ido. Sai ta ce a hankali, "Kai. Baba, bishiyoyin sun tafi."

Kafin in buɗe baki ta rufe bindiga ta ce, "Saki!" Farantin ya fito ta ƙasa, ya zama ƙura. Ta sake, ta sake. Biyar cikin biyar, kuma duk na ƙasa. Tana dariya har da buga ƙafa. Ta ɗaga bindiga za ta kira na shida, sai na ga kafaɗarta ta tsaya cak. Ta sauke, ta karya bindigar, wato ta buɗe ta a tsakiya, ta zare harsashi, kamar yadda ake koya wa kowa tun ranar farko.

"Akwai mutum a fili," in ji ta.

Na duba. Ciyawa ce da bishiyoyi, sai wani tsuntsu a kan tudu. Allon yana jingine a wurinsa.

Ta cire tabarau ta ƙura ido, ta mayar, ta sake cirewa. "Ikon Allah. In na cire babu shi. In na sa ga shi can, a gindin bishiya ta uku. Ya sunkuya kamar mai neman wani abu a ciyawa."

Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba.

Shekara goma sha tara da suka wuce, akwai wani maharbi a filin nan da kowa ke kira Zakara. Lokacin maigidana bai daɗe da rasuwa ba, shago ya zama nawa, kaina ya kumbura. Zakara ya ce in zo in zaɓa masa launi. Na zo, na miƙa masa shunayya, ya ce, "Kai! Farantin kamar zai faɗo min a hannu." Daɗi ya kama ni, na rufe akwati. Tambaya ta biyu ban yi ta ba. Kuma ba mantawa na yi ba, gani na yi surutun tsoho ne, ni na wuce nan. Kwana huɗu bayan haka wani mai yankan ciyawa, sanye da koren kayan aikin da ake ba su, yana sunkuye a gindin bishiya ta uku da laujensa. Faranti ya bi ƙasa, Zakara ya bi shi, mutumin ya miƙe. A wuya ya same shi. Kafin a kai shi mota ya cika.

An yi bincike, aka ce laifin mamacin ne, ya shiga fili bai rataya allo ba. Zakara ya yi ta rantsuwa cewa bai gan shi ba. Mutane suna gyaɗa kai don tausayi, amma a ransu babu wanda ya yarda, don yaya za a ce mutum mai ido irin nasa bai ga ɗan Adam a taki arba'in ba, da rana kata? Ni kaɗai na san gaskiya yake faɗa. Ina tsaye a wurin da akwatina a hammata, ban ce uffan ba, kuma babu wanda ya tambayi wane gilashi ne a fuskar Zakara. Zakara bai ƙara taɓa bindiga ba, daga baya ma ya bar garin. Ni kuwa na koma shago na tura auduga a rami. Ko mahaifiyar Auta ban gaya wa ba. Tun daga ranar ban sake kallon filin nan ta cikin shunayya ba, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar yarinyar nan ta san abin da ubanta ya yi shiru a kansa.

"Baba? Lafiya?"

"Tabo ne," na ce. Muryata ta fito sumul, har ni ta ba ni mamaki. "Gilashin ya daɗe a ajiye."

"Tabo mai hannu da ƙafa?"

"Ido ne ke haɗa siffa. Ki ba shi ɗigo biyu da inuwa, ya zana miki mutum har da hula. Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, ke za ki koya min? Babu kowa a wurin. Ki share shi, ki bi farantinki."

Ta dube ni, ta dubi filin. Auta takan ja da ni a kan komai, daga gishirin miya har hanyar da ta fi kusa zuwa gida, amma a kan maganar ido ba ta taɓa ja da ni ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta mayar da harsashi. A ranar ta fasa ashirin da uku.

Na yi ƙoƙarin janye ta, kada a ce ban yi ba. A mota na ce ruwan hoda ma ba laifi. Ta ce, "Baba, kwana tara ya rage. In ba za ka yanka min ba, in je wani shagon." Na tuna irin yaran da ke wasu shagunan, masu zaɓa wa mutum launi daga hoton waya. Na kuma ce a raina, wataƙila a tsohon gilashin abin yake, sabo ba zai zo da shi ba. Da yamma na zauna a bakin injin yanka na fitar mata da sabo fil, na goge gefensa, na ɗaura a firam ɗinta. Ban ɗaga shi na duba ta ciki ba, ni da ko gilashin karatu ba na sallama sai na leƙa.

Washegari ta dawo shago da rana, ta jefa jakarta a kan kujerar gwaji.

"Tabonka ya biyo mu sabon gida," in ji ta.

"Inuwar kututturen ce. Shunayya takan haɗe inuwa wuri ɗaya."

"To. Ashirin da huɗu dai na yi."

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Ashirin da uku, ashirin da huɗu, ashirin da huɗu. Koci ya tare ni a bakin ƙofar filin ya kama hannuna da hannu biyu, wai ni boka ne. Mahaifiyarta ta fara maganar akwatin tafiya. Auta kuwa har suna ta sa wa abin, Malam Tabo, tana ba da labarinsa a kan abinci kamar wani maƙwabci.

"Yau Malam Tabo ya ɗan ɗago. Bayansa ya gaji, ina ji."

"Wane ne kuma haka?" in ji mahaifiyarta.

"Abokin Baba ne. Ba ya magana, ba ya biyan kuɗin shiga."

Suka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Ranar Talata ta ce ya dafa gwiwa. Ranar Laraba ta ce ya kusa miƙewa, kuma akwai wani abu a hannunsa mai lanƙwasa. Inuwar kututture ba ta miƙewa, ita ma ta san haka, amma ubanta ya ce babu kowa, kuma lambobinta suna hawa. Mutum yakan yarda da abin da ke masa amfani, ni shaida ne.

Ranar Alhamis na rufe shago na je na zauna a bayanta a kan benci. Na zuba wa bakin bindigarta ido kawai. Duk farantin da ya bi ƙasa sai ya ratsa ta gaban bishiya ta uku. Na ga bakin bindigar ya bi shi, ya ratsa wurin sumul, ko ɗan jinkiri babu, ta danna kunamar bindigar a daidai nan. Ganyen bishiyar ya girgiza. Ta juyo tana murmushi ta ɗaga min babban yatsa.

A nan tsigar jikina ta tashi, kuma ba don mamacin ba. Yarinyar nan tun tana shekara goma sha biyu aka dasa mata abu ɗaya a ƙashi: kin ga mutum, ko kina zaton kin ga mutum, sauke bindiga. Ranar farko ma abin da ta yi ke nan. Ni na cire mata shi, a cikin mako ɗaya, da bakina. Na koya wa 'yata cewa in ta ga mutum a gaban bindigarta, ta harba, babu kowa.

Na so in faɗa mata a mota. Na buɗe baki sau biyu, na ƙare da tambayarta ko firam ɗin yana matsa mata kunne.

Gwajin ranar Asabar ne. Ranar Juma'a na fito tun rana ba ta gama ɗagowa ba, na ce wa mahaifiyarta akwai aikin da zan ƙarasa. Na biya shago na ɗauki tsohon gilashin shunayya guda ɗaya na sa a aljihu. Abin da ke raina shi ne in je in gan shi da idona, in roƙe shi gafara, in ce ya rabu da yarinyar, ni ne mai laifi. Wauta ce, na sani, amma wanda ya shekara goma sha tara yana haɗiye magana ba ya rasa wauta. Auta sai ƙarfe tara take zuwa, ina da awa biyu.

Maigadi yana bayan ɗakinsa yana wanke fuska. Na bi ta ƙaramar ƙofa. Na tsaya a gaban jan allon, har na kai hannu, sai na tuna in ya hango shi a rataye zai zo ya tambaye ni me nake nema a cikin ciyawa da sassafe. Na bar shi a jingine.

Raɓa ta jiƙa min ƙafar wando kafin in kai. Ban taɓa zuwa wurin ba. Ƙasa cike take da fasassun faranti, suna ƙaras ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Jikin bishiya ta uku duk ƙananan ramuka ne, tsofaffi da sababbi. Wurin ya fi ko'ina sanyi, kuma tsuntsayen da nake ji daga rumfa, a nan ban ji ko ɗaya ba.

Na fito da gilashin, na kanne ido ɗaya na ɗora a ɗayan. Duniya ta dushe. Ciyawa ta zama toka, bishiyoyi suka ja baya. Na duba dama, na duba hagu, na zagaya kututturen. Babu kowa. Na sunkuyar da kai na dubi jikina, sai na ga hannun rigata ya narke a cikin ciyawar, da ƙyar nake gane inda na ƙare.

Duk da haka na yi magana. Na ce, "Bawan Allah." Na tsaya, don ban san me zan ɗora a kai ba. Na ce, "Ni ne na ba shi gilashin. Ni ne ban tambaya ba." Iska ko motsi ba ta yi. Amma wuyana ta baya ya ɗauki ɗumi, irin wanda kake ji in mutum ya tsaya dab da kai a layi.

Sai na ji ƙarar ƙarfe daga nesa, ƙarar rufe bindiga.

Na juya. Auta ce a dandamali na uku, abin toshe kunne a kanta, tabarau a fuska, gindin bindiga a kafaɗa. A cikin daƙiƙar nan na gane abin da ya kawo ta. Gwajin gobe ƙarfe bakwai za a fara. Ta zo ta ga yadda gilashinta yake a hasken ƙarfe bakwai, a daidai lokacin da za ta yi harbin, a inda za ta tsaya. Karatuna ne, tun tana riƙe min akwati take jin sa. Ta duba ƙugiya ba ta ga allo ba. Ta duba fili ta ga mutum a gindin bishiya ta uku, kamar kullum.

"Auta!" Na ƙwala da iya ƙarfina, na ɗaga hannu sama. Abin toshe kunnen nan ni na saya mata, mafi kyau a kasuwa.

"Saki!"

Farantin ya fito daga hagu yana tsalle a kan ciyawa, ja wur a cikin gilashin da har lokacin yake manne a idona. Bakin bindigar ya biyo shi. Na gan shi yana tahowa, yana tahowa, har ya zama ɗan baƙin rami guda yana kallona. Ƙafafuna sun ƙi motsi. Na yi salati.

Farantin ya wuce ta gabana, ya bugi wani dutse, ya yi juyi biyu ya kwanta, lafiyarsa ƙalau.

Ban ji harbi ba. Na ga ta sauke bindigar a hankali, ta karya ta, ta zare harsashi ta ajiye a kan tebur. Sannan ta cire tabarau. Ko daga taki arba'in na ga lokacin da ta gane ni, don hannunta ya tafi bakinta, ta durƙushe a kan siminti.

Ban taɓa tafiya mai nisan wannan taki arba'in ba. Da na iso tana zaune a ƙasa, ta cire abin kunnen, idonta a bushe.

"Me ya tsayar da ke?" Abin da ya fara fita daga bakina ke nan.

"Biyu na gani." Da ƙyar nake jin ta. "Kullum ɗaya ne. Yau biyu." Ta ɗago ta dube ni. "Da ɗaya na gani, Baba, wallahi da na harba. Yatsana yana kan kunama. Kai ka ce min babu kowa."

Na zauna a ƙasa kusa da ita, ni da gwiwata ba ta son ƙasa. Na faɗa mata duka, tun daga Zakara har auduga. Ban gyara komai ba. Na faɗa mata ba mantawa na yi da tambayar ba, raina ta na yi. Na faɗa mata ina tsaye aka ɗora wa mamaci laifi, aka bar mai rai da zargi, ni kuma na koma gida na ci abincin rana. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, ita da ba ta barin mutum ya kai ƙarshen jimla.

Da na gama ta dube ni. Sannan ta ce, "Ya sunansa?"

"Wa?"

"Mutumin. Mako guda ina kiransa Tabo, ina harbi ta kansa, ina ba Mama dariya da shi. Ya sunansa?"

Na san lambar launin gilashin da na ba Zakara, na san kaurinsa, na san ranar, na san da wace riga na zo. Shekara goma sha tara ina kwana ina tashi da mutumin nan, ban taɓa tambayar kowa sunansa ba. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, ta fi tsoron bindigar zafi.

"Ban sani ba," na ce.

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Gobe ruwan hoda zan sa," in ji ta.

"Ba za ki wuce ashirin ba."

"Na sani."

"Auta, shekara nawa kina..."

"Na ce na sani, Baba."

Ta miƙe ta karkaɗe wandonta. Ta ɗauki jan allon ta rataya a ƙugiya, ko da yake daga ni har ita muna cikin rumfa. Ta ɗauki tabarau ɗin za ta sa a kwalinsa, sai ta tsaya. Ta ɗora shi a ido, ta fuskanci bishiyoyin. Ina tsaye a gefenta, kafaɗata tana kusan taɓa tata, ina jin numfashinta. Na ji lokacin da ya tsaya.

"Ya tafi?" na ce.

Ta miƙo hannun hagu ba tare da ta juyo ba, ta laluba ta kama hannun rigata, ta damƙe, kamar mai tabbatar da ina nan.

"Har yanzu biyu ne," in ji ta.

Na dubi filin da idona tsirara. Rana ta hau, raɓa na tashi, ga farantin nan guda a kwance a cikin ciyawa.

"Na biyun me yake yi?"

"Hannunsa yana sama. Bakinsa a buɗe, kamar yana kiran wani." Ta ƙara damƙe hannun rigata. "Na farkon ya dafa masa kafaɗa."

Ta cire tabarau ɗin ta miƙo min. Ban karɓa ba. Na tuɓe koriyar rigar na naɗe ta na ajiye a kan benci, na tsaya daga ni sai singileti a cikin sanyin safiya, na ce ta ƙara dubawa. Ta duba. Ta ce na biyun yana nan, kuma da koriyar rigarsa.